Kafin a Kai Kwamfuta Wurin Formataj

Da zarar lokacin ajiye kundin kammala karatu ya matso, akwai kalmar da ke yawaita a bakin ɗalibai, daga Yamai har Damagaram: formataj. Kwamfuta ta yi nauyi, sai an kunna ta an je an yi alwala an dawo kafin ta gama buɗewa. An danna Word, allo ya yi fari fat, ɗan zobe na ta jujjuyawa. Abokin ɗaki ya ce a kai ta kasuwa. Mai gyara kuwa, tun bai duba cikinta ba, ya riga ya yanke hukunci: a shafe komi, a sake zuba Windows. Da marece ta dawo garau. Bayan wata biyu ko uku nauyin ya komo inda yake, wani lokaci ma a tarar da muryoyin da aka sha wahalar naɗowa a ƙauye ba su dawo tare da ita ba.

Wannan al'ada ta cancanci a ƙi ta, musamman a sashen nazarin harsuna, inda abin da ke cikin kwamfuta ya fi kwamfutar daraja. Wanda ya rasa fim zai samu wani a wurin maƙwabci. Wanda ya rasa hirar sa'a biyu da wata tsohuwa mai jin Tasawak a Ingal, ko tatsuniyoyin da ya ɗauko da Adaranci a wani ƙauyen Tawa, ba shi da tabbacin zai koma ya iske mai maganar da rai.

Abin sha'awa, Hausa ta riga ta gano cutar tun a wurin raɗa mata suna. "Ta yi nauyi" ake cewa, nauyi kuwa na kaya ne. Furosesa, wato ɓangaren da ke yin lissafi, ba ya rage gudu don yawan shekaru kamar yadda tsohon jaki ke yi. Wanda aka ƙera a 2014 yana iya yin lissafin da ya yi ranar da ya fito daga masana'anta, muddin bai ɗauki zafi ba. Kayan da ake ɗora masa ne suka ƙaru. Windows XP, wadda ta fito a 2001, tana tashi da megabait 64 na ƙwaƙwalwar aiki. Windows 11 ta 2021 ba ta karɓar ƙasa da gigabait 4, ninki sittin da huɗu ke nan. Tun a 1995 masanin kwamfuta ɗan ƙasar Suwis, Niklaus Wirth, ya koka da cewa manhajoji na ƙara nauyi fiye da yadda na'urori ke ƙara gudu. Kwamfutocin hannu na biyu da ɗalibai da yawa ke saye an ƙera su ne don kayan zamaninsu, ga shi ana aza musu na yau.

Sai an bambanta ma'aji biyu kafin a fahimci yadda nauyin ke faruwa. Faifan ajiya rumbu ne: yana da faɗi, amma ɗebo abu daga cikinsa sai an hau an sauko. Ƙwaƙwalwar aiki, wadda ake kira RAM, tabarmar da ake baza hatsi ce a tsakar gida: komi na kusa da hannu, sai dai ƙarama ce. Idan ɗalibi ya buɗe ELAN da bidiyo a ciki, ya buɗe Praat, ga Word, ga shafukan intanet goma sha biyar, tabarmar gigabait 4 ta cika. Daga nan kwamfuta za ta shiga kwasar wani abu tana mayarwa rumbu don ta sami wurin baza wani, ta sake ɗebo shi in an nema. Wannan kai da komo shi ne jiran da ake yi. Idan kuma faifan irin na da ne, mai juyawa sau 5400 a minti da ɗan hannu mai neman wuri a kansa, jiran sai ya ninka.

Ganin haka ba ya bukatar mai gyara. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, taga za ta buɗe wadda Windows ta Faransanci ke kira Gestionnaire des tâches. Tana nuna kashi nawa cikin ɗari na furosesa, da ƙwaƙwalwa, da faifai ake ci, da kuma wace manhaja ce ke ci. A nan ne kuma ake ganin jerin manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna na'ura, waɗanda galibi mai ita bai san ya ba su izini ba. Kashe waɗanda ba a bukata aikin minti biyar ne, kuma ba ya shafe ko harafi ɗaya na kundin kowa.

A cikin wannan jeri sau da yawa ake tarar da masu gadi biyu ko uku suna tsaron ƙofa ɗaya. Windows 10 da 11 suna zuwa da nasu maganin ƙwayoyin cuta, Defender, kuma ya wadatar da ɗalibi. Ƙara wasu a kansa, musamman na sata waɗanda wa'adinsu ya ƙare, yana iya sa kowane fayil a bincike shi sau biyu kafin ya buɗe. Haka nan manhajojin da ke alkawarin share kwamfuta da ƙara mata gudu da dannawa ɗaya: kamfanin Microsoft da kansa ba ya goyon bayan masu share rajistar Windows, wasunsu kuwa su ne cutar da suke cewa suna magani. Ƙwayar da ta fi addabar ɗalibai ma ta kile take shigowa, daga shagunan buga takardu, ta ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu.

Akwai kuma sababin da ya fi shafar wannan yanki, wanda formataj ba ya taɓawa ko kaɗan. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu na shiga ko'ina, fankar kwamfuta kuwa aikinta ke nan ta zuƙo iska. Ƙurar na taruwa a bakin ƴan siraran ƙarafan da ke fitar da zafi har ta dunƙule kamar auduga, ta toshe hanya. Sai bazara ta zo, Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40 a inuwa. Furosesa na da dabarar kare kansa: in ya kusa digiri 100 sai ya rage gudunsa don kada ya ƙone. Ga kuma man da ake shafawa tsakaninsa da ƙarfen sanyaya, wanda ke bushewa da shekaru ya daina miƙa zafi yadda ya kamata. Alamar wannan cuta a bayyane take. Kwamfuta na gudu a minti goma na farko, daga baya ta soma ja da baya, fanka na kuka, ƙasanta ba ya taɓuwa. Wanda ke ɗora ta a kan katifa ko bargo yana toshe ramukan iskar da hannunsa. Maganin shi ne a buɗe ta a busa ƙurar, a sake man, a riƙa aza ta a kan tebur ko allo. Ko sau goma aka sake zuba Windows, ƙurar na nan inda take.

Cikar faifai ma na da nata rabo, kuma masu nazarin sauti sun fi kowa saurin cika shi. Sa'a ɗaya ta murya a tsarin WAV mai ingancin faifan CD ta haura megabait 600, bidiyo kuwa ba a magana. Wasu kan mayar da su MP3 don samun wuri, alhali MP3 na zubar da wani ɓangare na sautin, wanda mai auna wasula da karin sauti zai so a bar masa. Gara a kwashe tsofaffin fayiloli zuwa faifan waje, a bar wa Windows kamar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na faifai babu komi, don tana bukatar filin yin wancan kai da komo da kuma sabunta kanta.

Wuri ɗaya ne maganar tsufa ke da gaskiya, kuma shi ne mafi haɗari. Faifai mai juyawa ƙarfe ne mai motsi, yana lalacewa. Girgizar kabu-kabu a kan hanya mai ramuka, da ɗaukewar wuta ga kwamfutar da batirinta ya mutu, duk suna rage masa kwana. In wani gurbi a kansa ya lalace, na'ura za ta yi ta maimaita karanta shi, komi ya tsaya cik na daƙiƙoƙi, wani lokaci a ji ɗan ƙas-ƙas daga ciki. Manhajar kyauta irin CrystalDiskInfo na karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa game da kansa. In ta nuna launin rawaya ko ja, ba sauran jira. A irin wannan hali formataj shi ne mafi munin abin da za a yi, don tilasta wa faifai mai gargara ya rubuta dubban fayiloli na iya ƙarasa shi. Abin yi shi ne a kwafe aiki nan take, a fara da wanda ba shi da madadi, sannan a sauya faifan.

Wanda zai sauya kuwa ya sa SSD. Ba shi da abin da ke juyawa, ba ya tsoron girgiza, yana karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa inda tsohon ke yin kamar 100, wajen nemo ƙananan fayiloli kuma tazarar ta fi haka nesa. Idan aka haɗa da ƙara ƙwaƙwalwa zuwa gigabait 8, a na'urar da ke karɓar ƙari, kwamfutar shekara goma na iya kai ɗalibi har ƙarshen karatunsa, da kuɗin da bai kama ƙafar na sabuwa ba. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 ba ta yarda da tsofaffin furosesa, waɗanda na'urarsu ba ta cancanta ba suna iya duba Linux Mint. Praat, ELAN, Audacity da Keyman duk suna aiki a kanta, ko da yake sabo da LibreOffice a madadin Word na ɗaukar ƴan kwanaki.

Adalci ne a ce mai gyara ba mugu ba ne. Ana biyansa a kan kowace na'ura, bincike na cin lokaci, mai kaya kuma na tsaye a kansa yana son ta yau. Akwai ma lokacin da formataj ke da hujja, kamar in ƙwayoyin cuta sun yi katutu har ba a iya fitar da su. Amma mai gyara bai san aikin harshe ba, kuma a nan asarar ke shigowa. Zai kwafe Documents da Bureau, ya rantse ya kwashe komi, da zuciya ɗaya. Bai san cewa FLEx, inda ɗalibi ya shekara yana tara ƙamus, ba ya ajiye aikinsa a can ba. Yana ajiye shi ne a cikin ProgramData, wurin da Windows ke ɓoyewa daga ido. Bai san fayilolin ELAN na dogara da sautin da aka ɗaura su a kai ba, in an raba su sai an sake haɗawa. Bai san Keyman da haruffan Charis SIL ko Doulos SIL za su tafi ba, har ƙ da ɗ da ɓ da ƴ da alamomin furuci su iya komawa ƴan akwatuna a kundin da za a kare jibi.

Don haka kwafewa aikin ɗalibi ne, ba a wakilta shi. FLEx na da umarnin ajiye kwafin aiki gaba ɗaya a fayil guda mai ƙarewa da fwbackup. A yi shi, a sa a kile, a sa wani a intanet ko a kwamfutar aboki. A buɗe kwafin a wata na'ura a tabbatar yana buɗuwa, don kwafin da ba a gwada ba zato ne kawai. Sassan nazarin harsuna za su iya sauƙaƙa wannan da faifan waje ɗaya da za a ajiye a ofis, inda duk wanda ya dawo daga bincike zai zuba muryoyinsa a makon da ya dawo, tun kafin ya fara rubuta su.