A bar waƙa ta nuna kafin a kai ta situdiyo

Fela Kuti yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ƙona wa kamfanonin faifai rai. Idan ya yi sabuwar waƙa, sai ya ɗauki watanni yana buga ta a Shrine, gidan rawarsa na Legas, Tony Allen na kan ganguna, jama'a na rawa. Sai ta nuna sannan su shiga situdiyo. Da zarar an naɗe ta kuwa, shi ke nan ya gama da ita, ba ya sake rera ta a dandali komai roƙon 'yan kallo. A wurinsa naɗi shi ne aikin ƙarshe.

Ali Farka Touré na Mali ma da tasa hanyar. Kundinsa Niafunké na 1999, kayan naɗa sauti aka kwasa zuwa garinsu a bakin kogin Neja, domin manomi ne, ba zai bar gona ba. Sai ya taso daga aiki sannan a kunna janareta a zauna. A 2004 kuma ya haɗu da makaɗin kora Toumani Diabaté a otal ɗin Mandé na Bamako, suka naɗi In the Heart of the Moon ba tare da gwaji ba, kundin ya ci Grammy a 2006. Kada a ɗauka sa'a ce. Tsofaffin kaɗe-kaɗen da kowannensu ya tashi a ciki suka buga, kowa na kasa kunne ga yatsun ɗan'uwansa.

Wannan kasa kunnen shi nake nema a kundayen matasanmu na Kano da Kaduna, ina rasawa. Yau mawaƙi zai shiga shi kaɗai, mai kiɗa ya haɗa masa komai a fiyano da kwamfuta, ya ɗora murya baiti-baiti. Gobe a kira mai amshi ta ɗora tata, wataƙila ba ta taɓa ganinsa ba. Jibi waƙa ta hau YouTube. Duk inda murya ta karkace na'ura ta miƙe ta, har numfashin mutum a goge.

Na san uzurinsu, kuma gaskiya ne. Kasuwar kaset ta mutu, kuɗin situdiyo daga aljihun mawaƙi yake fita, ɗaukar makaɗa biyar ba wasa ba ne. Amma a saurari Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: za ka ji kalangu na amsa masa magana, ya ja baiti 'yan amshi su jira shi, ya yanke su cafke. A wuri ɗaya suke, suna ganin juna.

Abin da nake roƙon mawaƙanmu bai fi ƙarfinsu ba. Kafin a biya kuɗin situdiyo, a kai waƙar gidan biki sau da yawa, a ga baitin da ke tayar da mata tsaye da wanda ke zaunar da su. Ranar naɗi kuma a zo da makaɗin kalangu ko da ɗaya ne, a sa shi ɗaki ɗaya da mawaƙi da masu amshi.