Kai kamar me kake?

A wannan mako za mu leƙa cikin aji, mu dubi wani ɗan aiki da malamai kan bai wa yara: kowa ya rubuta abin da yake kama da shi. In an sa "kamar" ko "tamkar", masana adabi na kiran sa kamantawa. In kuwa aka ce wane zaki ne kai tsaye, siffantawa ke nan.

In mushe ya ba da aikin da faransanci, sai yaron Tasawa ya ce zuciyarsa fara ce kamar "neige", ƙanƙarar da bai taɓa gani ba sai a hoton littafi. Zai samu maki, amma bai faɗi komai game da kansa ba. A bar shi ya yi da hausa, a sha mamaki. Ɗan mai awon hatsi zai ce shi mudu ne, kullum ana cika shi ana juyewa. Yarinyar da ke talla kafin ta zo lakwal za ta ce ita fitila ce wadda kananzir ya kusa ƙare mata. Sai ta karanta abin da hannunta ya rubuta sannan ta gane gajiya ce ke damun ta, ba daƙiƙanci ba kamar yadda ake faɗa mata. Malami kuwa ya ji labarin gidan da tambaya ba za ta taɓa fito da shi ba.

Abin ba baƙo ba ne gare mu. Tun kokowar ƙasa ta farko da aka yi a Tawa a 1975 muke jin ƴan kokowa na yi wa kansu kirari a fili. Sai dai su giwa da zaki suke zaɓa don su tsorata abokin karawa. Yaro a aji ba shi da wanda zai kayar, shi ya sa yakan zaɓi jakin dako.

An fara gwada koyarwa da hausa a Damagaram tun 1973, dokar ilimi ta 1998 kuma ta bai wa harsunanmu gurbi a makaranta, amma har yanzu wasu iyaye, ƴan kasuwa da ma'aikata, ɓata lokaci suke ɗaukar sa. A ganinmu sun yi gaggawar hukunci.

Roƙonmu ga malamai guda ne: kada a karanta takardar yaro gaban aji ba da yardarsa ba. Wanda ya ce shi jaki ne, ranar nan zai samu laƙabin da zai bi shi har ya yi furfura.