Hakkin 'Yan Aji Ɗaya

Yaron da ya baro gidan ubansa ya shiga sakandare baƙo ne, zuciyarsa cike da tsoro. Abin takaici, a makarantun kwana da yawa manyan ɗalibai sukan mai da shi bara, ga wanki, ga ɗiban ruwa, ga duka. Wanda ya saba da sunkuyar da kai, yaushe zai tsaya gaban jama'a?

Kwalejin Katsina, da aka kafa a 1921, ita ta yaye Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, su ma kuwa daga aji ɗaya suka faro. Lalle ya wajaba malamai su hana wannan zalunci, su danƙa wa yaro ƙaramar amana, kamar kula da allo ko buga ƙararrawa, in ya yi magana a saurare shi. Allah ya sa a gyara, amin.