Ginshiƙin Manhaja Ba Kayan Sallah Ba Ne

Duk lokacin da babban kamfani ya tashi gina manhajar da za ta riƙe masa lissafin kuɗi da albashi da bayanan abokan ciniki, sai ka ji masu rubuta manhaja sun haɗa baki: a ɗauki ginshiƙin da ake yayi! Ni ban yarda ba, kuma ba tsufa ne ya hana ni ba.

Abin da nake kira ginshiƙi shi ne tarin ƙa'idoji da kayan aiki da wasu suka riga suka rubuta, ake ɗora manhajar intanet a kansu. Wanda ya zaɓe shi ya ɗaure kamfani na shekara goma ko fiye, alhali shi kansa wataƙila baɗi ya sauya wurin aiki.

Dubi abin da ya sami masu AngularJS. Google ya fito da shi a 2010, duniya ta ruɗe, kamfanoni suka yi ta gini a kansa don sunan mai shi kawai. A 2016 sai ga Angular 2, wanda aka sake rubutawa tun daga tushe, tsohon aiki ba ya hawa kansa sai da gagarumin gyara. A ƙarshen 2021 Google ya janye hannunsa daga tsohon baki ɗaya. Masu yayi sun riga sun yi gaba. Kamfanonin ne aka bari da biyan kuɗin gini sau biyu. Ashe kallon kitse aka yi wa rogo.

Rails kuwa tun 2004 yake, Django tun 2005. Ana yi musu dariyar tsufa, amma GitHub da Shopify a kan Rails suka tashi, Instagram a kan Django.

Za a ce mini tsoho ma yana kā da mutum. Gaskiya ne, sai dai a duba yadda ya kā da shi. A 2017 ɓarayin intanet suka shiga kamfanin Equifax na Amurka ta wata ɓaraka a Apache Struts, suka kwashe bayanan mutum kusan miliyan 147. Facin da zai toshe ɓarakar ya fito tun watan Maris, ba a liƙa shi ba har ɓarayin suka shiga a watan Mayu. Laifin ginshiƙi ne wannan, ko na masu gadinsa?

Don haka kafin manaja ya sa hannu, ya tambayi mai kawo shawarar abu biyu: shekara nawa masu ginshiƙin suka yi alkawarin fitar da faci, kuma idan kai ka tafi, mutum nawa ne a garin nan za su iya karanta abin da ka rubuta?