LAFIYAR IYALI: Man Miya, Rabon Wa?

A yawancin gidajenmu, in uwargida ta sauke miya, maigida ake fara zuba wa. Shi ke samun saman tukunya inda mai ya taru, da tsokar da ta fi kitse. Yaron da aka yaye kuwa, sai a dama masa koko tsararo. Ba mugunta ce ta kawo haka ba, girmamawa ce. Amma in mun san aikin da mai yake yi cikin jiki, za mu ga cewa wanda ya fi bukata shi ne ya fi samun kaɗan.

Mai iri nawa ne?

Lokacin hunturu yakan nuna mana. Akwai wanda yake daskarewa da sanyi, kamar kitsen nama, da man shanu, da man kaɗe. Manja ma yakan yi kauri, gama wajen rabinsa irin wannan ne. Akwai kuma wanda ya fi zama ruwa, watau man gyaɗa, da man riɗi, da man waken soya, da man angurya wanda aka daɗe ana matsewa a Funtua. Irin na biyun nan ya fi sauƙi ga zuciya. Cikinsa kuma, da cikin kifi, ake samun waɗansu irin mai da jiki ba ya iya yi da kansa, sai dai a ci.

Akwai na uku wanda ba a sayarwa a kasuwa. Likitoci suna kiransa kolestarol. Hanta ce take yin yawancinsa, sauran kuwa daga nama da ƙwai da nono yake zuwa. Sunansa ya ɓaci a bakin mutane, amma ba mai rayuwa sai da shi.

Mene ne aikinsa?

Na fari, mai shi ne rumbun jiki. Giram ɗaya na mai yana ba da ƙarfi kalori 9, na hatsi ko na sukari kuwa wajen 4 ne. Abin da jiki bai ƙone yau ba yakan ajiye shi ya zama kitse, domin ranar ciwo ko ranar yunwa. Kitsen nan kuma shi ne bargon da ke tare sanyi, shi ne matashin da ƙoda ke kwance a kai.

Na biyu, mai kayan gini ne. Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowace kuwa da mai aka yi mata katanga. Jijiyoyin da ke kai saƙo suna da riga ta mai, kamar robar da ke bayan wayar lantarki. Ƙwaƙwalwa ma, in aka cire ruwanta, wajen rabin abin da ya rage mai ne. A shekaru biyu na fari take yin girma mafi sauri. Shi ya sa wajen rabin ƙarfin da ke cikin nonon uwa daga mai yake.

Na uku, da kolestarol jiki yake yin ruwan matsarmama, wanda ke narka man abinci yadda sabulu ke narka maiƙon kwano. Da shi kuma ake yin sinadaran da ke sa yaro ya balaga, mace ta riƙe ciki.

Na huɗu, akwai bitamin huɗu, A da D da E da K, waɗanda ba sa shiga jiki sosai sai tare da mai. Rashin bitamin A ke kawo dundumi, in ya yi tsanani har makanta. Zogale da alayyafo da kabewa da karas suna da abin da jiki ke mai da shi bitamin A, amma in ba ɗan mai a ciki, da yawa yakan wuce a banza. Ashe iyayenmu da ke yin kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗan mai sun san abin da suke yi.

Yaro da babba

Tun daga shekarar 1975, da cuta ta afka wa gyaɗa, aka kuma buɗe aikin gona na Funtua, masara ta yi ta cin ƙasa a gonakinmu har Malumfashi. Masara tana cika ciki, amma kokonta ruwa ne galibi. Cikin yaro ƙarami ne. Yakan ƙoshi tun bai sami ƙarfin da zai ishe shi ba, a hankali sai tamowa ta shigo. A yunwar 2005, abin da ya ceci dubban yara a Maraɗi shi ne kwaɓin gyaɗa da mai da madara da sukari da bitamin. Gyaɗar nan kuwa irin wadda muke nomawa ce.

Babba da ya haura arba'in, wanda ya ajiye fartanya ya koma zaman shago ko ofis, labarinsa dabam ne. Mukan ce tumbi alamar hutu ce, amma sau da yawa kallon kitse muke yi wa rogo. Yawan kitse mai daskarewa yakan ƙara kolestarol cikin jini, ya riƙa manne wa hanyoyin jini har su ƙuntata. Ƙarshensa ciwon zuciya ne ko shanyewar ɓarin jiki, gida ya rasa mai ciyar da shi.

Abin da za mu yi

1. Jariri ya sha nonon uwa kaɗai har wata shida. Daga nan, a riƙa dama masa kunu mai kauri, a sa ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja, ko a yi masa kunun gyaɗa ko na waken soya.

2. Kada a soya manja har jansa ya fita. Jan nan shi ne maganin dundumi.

3. In za a sayi man gwangwani ko na jarka, a duba alamar ido a jikinsa. Tun 2002 doka ta sa kamfanonin Nijeriya su riƙa ƙara bitamin A a ciki.

4. Man da aka yi ta suyar ƙosai da shi har ya yi baƙi ya lalace, a zubar.

5. Maigida ya rage kitse da romo mai maiƙo, ya ƙara ganye da wake da kifi, ya kuma je a auna jininsa ko da ba ya jin ciwo. Shi ne kuma ya kamata ya fara cewa a ɗiba wa yara, gama uwargida ba za ta rage masa da kanta ba.

Rigakafi ya fi magani. Sai mun sadu a wata mai zuwa.