Ƙofa Ɗaya Ta Yi Kyau, Amma Wa Zai Kai Ɗan Talaka Bakinta?

A yau ina so mu tattauna kan yadda ake neman gurbin karatun digiri na biyu a fannin lafiyar jama'a. Wani zai ce ina ruwan ikkilisiya da wannan? To, duk wanda ya ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 11,000, ya san amsa. Likita yakan duba marar lafiya ɗaya bayan ɗaya, amma masanin lafiyar jama'a shi ne mai bin sawun cuta har rijiyar da ta fito, mai shirya rigakafi tun kafin a fara haƙa kaburbura. Irin waɗannan mutane sun yi mana kaɗan ƙwarai.

A Amurka, tun daga 2006, ƙungiyar makarantun lafiyar jama'a ta buɗe wani tsari mai suna SOPHAS. Mai neman karatu zai cika fom guda ɗaya ta intanet, ya aika da takardar sakamakon karatunsa na jami'a sau ɗaya, malamansa su aika da wasiƙun shaida wuri ɗaya, shi kuma ya rubuta bayanin abin da ya sa yake son karatun. Daga nan sai a tantance takardun, a tura su ga kowace makarantar da ya zaɓa. Tsarin ba ya ba kowa gurbi, kowace makaranta ce ke yanke shawararta. Aikinsa shi ne karɓa da tantancewa da rabawa.

Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kafin a kafa hukumar JAMB a 1978, kowace jami'a ce ke ɗaukar ɗalibanta yadda ta ga dama, har yaro ɗaya ya sami gurbi biyu ko uku, wani kuma ya tashi a tutar babu. Amma JAMB ta tsaya ne a kan masu shiga karatun farko. Mai neman digiri na biyu har yanzu sai ya bi jami'o'i ɗaya bayan ɗaya, kowace da fom ɗinta, da kuɗinta, da ranar rufewarta.

Na ga wahalar wannan da idona. Wata 'yar ikkilisiyarmu, ma'aikaciyar jinya mai digiri, ta nemi jami'o'i uku. Sau uku ta sayi fom, sau uku ta biya kuɗin tura sakamakonta daga tsohuwar makarantarta. A wuri ɗaya aka ce takardar ba ta iso ba, alhali kuwa ta biya, rasit yana hannunta. Kafin a gano inda takardar ta maƙale an rufe ɗauka. Shekara guda ta tafi a banza, ba domin ba ta cancanta ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, ya kamata jami'o'inmu masu koyar da lafiyar jama'a su haɗa kai su yi ƙofa ɗaya. Zai rage kashe kuɗi da yawon mota a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Bugu da ƙari, inda takarda ke da lamba da kwanan wata a kwamfuta, da wuya a ce ta ɓata, da wuya kuma a tambaye ka ɗan wane ne kai kafin a duba ta. Mu da muka sha jin ƙorafin cewa suna ko addini ko ƙabila ya hana wani shiga, ya kamata mu zama na farko wajen neman tsarin da komai ke fili.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Ƙofa ɗaya ba ta mai da kowa daidai ba. A tsarin na Amurka, kuɗin makaranta ta farko kaɗai ya haura dala 100, kowace ƙari kuma da nata kuɗin. Wanda ya yi karatu a waje, yawanci sai wata hukuma irin WES ta auna takardunsa, ita ma da kuɗinta. Ɗan ƙauyen da babu lantarki balle intanet, wanda bai taɓa ganin yadda ake rubuta bayanin kai ba, yana nan a baya. Haka kuma idan aka yi kuskure a wuri ɗaya, kuskuren zai bi mutum zuwa dukan makarantun da ya nema. In za mu yi namu, dole kuɗin ya zama a Naira, daidai ƙarfin talaka, a kuma sami ofishin da mutum zai kai kuka a saurare shi.

Mu tuna da mutumin nan na bakin tafkin Betasda a Bishara ta Yohanna sura 5. Shekara 38 yana fama da ciwo. Tafkin a buɗe yake ga kowa, abin da ya rasa shi ne wanda zai taimake shi ya shiga. Nan ne aikinmu yake. Magabatanmu sun gina asibitoci a Vom da Garkida da Wusasa domin sun gane cewa bishara da lafiyar jiki tafiyarsu ɗaya. Mu ma ba mu rasa abin yi ba.

Ina roƙon dattawan kowace ikkilisiya su keɓe wani abu daga baiko domin kuɗin fom da na tura takardu. Likitoci da malaman jami'a da ke zaune a cikinmu ranar Lahadi su ba da yamma ɗaya a wata, su zauna da matasa su duba musu abin da suka rubuta. Zumuntar Matasa ta riƙa sanar da ranakun buɗewa da rufewa. Ku kuma 'ya'yanmu, in an taimake ku kun samu, ko a Zariya ko a Amurka, kada ku manta da rijiyar garinku.

Ubangiji ya ba mu zuciyar taimakon juna. Amin.