WAI WASAN YARA NE?

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata cuta da ta kama mu, watau raina aikin hannu. Da zarar an ga ɗalibi da zarto da manne yana harhaɗa ɗan jirgin ruwan da ake sarrafawa da rediyo daga bakin gaɓa, sai masu rungumar manyan littattafai su taɓe baki, su ce wai ƙato da gemu yana wasan yara. Wannan magana jahilci ce, ko da mai yin ta ya sa kwat da laktaye.

Bari mu duba wasan nan. A ce jirgin gaske tsawonsa mita 25 ne, nauyinsa tan 250, ana so a rage shi sau 25. Tsawon ƙaramin zai zama mita 1. Nauyinsa kuwa sai an raba sau 25 har karo uku, watau da 15,625, ya dawo kilo 16. Gudunsa da 5 ake rabawa: in babban yana cin kilomita 20 a awa, ƙaramin 4 zai ci, sa'an nan igiyar ruwan da yake tayarwa ta yi kama da ta gaske. Wane yaro ne yake wasa da wannan lissafi?

Bayan lissafi sai aiki. Maginin zai kafa ƙashin bayan jirgin, ya jera haƙarƙarinsa, ya lulluɓe su da siraran katako, ya shafe da mannen da ke hana ruwa shiga. Zai daidaita sandar farfela da injin, ya haɗa allon juya jirgi da na'urar da ke karɓar umurnin rediyo. Sai ado: anka, da tagogi, da fitila ja a hagu, koriya a dama, kamar yadda dokar teku ta ce. Amma fa duk abin da ya ɗora a sama yana rage wa jirgin zama daram, don haka tilas ya kwantar da batir da dalma can ƙasa. In ya yi ganganci, ruwa ba ya karɓar hanzari. Jirgin zai kife a gaban kowa.

Masu raini su koma tarihi. A 1872 William Froude ya soma gwada ƙananan jirage a wani dogon kwarmin ruwa a Torquay ta Ingila, da kuɗin hukumar sojan ruwan ƙasar, kuma ƙa'idar gudu da na ambata da sunansa ake kiranta. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wa mutanen New York jirgin ruwan da ya juya da rediyo. A 1967 aka buɗe Port Revel a Faransa, inda matuƙan manyan jirage suka riƙa shiga jiragen da aka rage sau 25 don koyon tuƙi. Raina kama ka ga gayya!

Za a ce abin yana cin kuɗi, ga ɗalibi kuwa ko na abinci da ƙyar. Gaskiya ne. To, amma katako da gwangwani ba su gagare mu ba, kuma rediyo ɗaya ya ishi mutum goma in akwai ƙungiya. Ƙannenmu da ke ƙera motoci da karan dawa sun riga sun nuna basirar tana nan. Makaranta ce take karɓe karan daga hannunsu, ta maye gurbinsa da hadda.

Ga kuma abin da ya fi ciwo. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse da ɗimbin jama'a a kogin Kwara, wajen Warra ta Jihar Kebbi. Lodi fiye da ƙima da raunin katako su ne ainihin abin da mai ɗan jirgi yake koyo da hannunsa, ba tare da an rasa rai ko ɗaya ba. Ashe ba irin waɗannan injiniyoyi muke bukata ba?

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai su nema mana ɗaki da kayan aiki, su shirya gasa kowace shekara. Masu dariya kuma su zo bakin ruwa da nasu jirgin, gani ya kori ji. Allah ya ganar da mu, amin.